Akwatin da Ƙura Ba Ta Shiga

Kwamfutar da nake aiki da ita, ofishin su Yaya ne suka gaji da ita suka fitar, shi kuma ya ɗauko ya kawo mini yana hura hanci kamar mota ya saya mini. Shekara huɗu ina lallaɓa ta. In zanen gado ne ko kabad ɗaya, ba ta musu. Amma ranar da na ce ta ɗauki ɗaki guda ta juya mini shi in ga bayansa, sai ta ƙame. In tashi in sha ruwa, in leƙa titi, in dawo, in tarar tana nan tana tunani. Na zage ta ya fi a ƙirga, har Baba ya taɓa tambayata ko da wani nake faɗa a waya.

Baba kafinta ne, ni ce mai yi wa shagonsa zane. Da can ba haka ake yi ba. Shekara arba'in da wani abu yana aiki da fensir a bayan kunne, mutum ya zo ya faɗi abin da yake so, Baba ya zana masa a jikin guntun falanki, a rabu a kan haka. Yanzu kuwa ba mai ba ka aiki sai ya ga hoton abin tun ba a taɓa katakon ba, da launinsa da inuwarsa. Masu injin yanka katako su ma ba sa karɓar takarda, fayil suke so. To ni na koyi manhajar zane, sai na zama bakin Baba a wurin mutanen zamani. Aka ware mini lungu a ƙarshen shagon, aka tare shi da labulen leda saboda ƙurar katako, ita kuwa ƙurar ba ruwanta da labule.

Duk da haka aiki baya yake ja. Shekara biyu Yaya ne ke riƙe da hayar shagon, kuma wata Lahadi ya zo gida ya faɗi abin da ya daɗe yana taunawa. Ƙarshen wata za a sabunta haya, shi kuma ba zai sabunta ba sai ya ga aikin da zai sa shagon ya riƙe kansa. In babu, Baba ya dawo gida ya huta, ai ya yi mai wuyar. Yaya ba mugu ba ne, sai dai in yana magana ka ce takardar sallama yake karanta maka. Mama ta yi ta juya kofi a hannunta. Baba kuwa farcensa kawai yake kallo. Ni kuwa na san abin da hutun nan yake nufi. Mutumin da ko ranar da aka yi masa aikin ido sai da ya sa aka biya da shi shago ya taɓa ƙofa, in ka zaunar da shi a gida ka gama da shi.

Cikin makon ne mai kantin magani ta zo. Za ta buɗe kanti na biyu, tana son kantar jera magani a bango uku, da dogon tebur na sayarwa, da ƙananan durowa ɗari da ashirin a bayansa. Da ta ambaci durowar na ga Baba ya gyara zama, don aikin durowa shi ne abin da ya fi kowa iyawa kuma ya san da haka. Matar ba ta da ɓoye-ɓoye. Ta ce akwai wani kamfani da shi ma yake nema, kuma ranar Alhamis ta sama da tsakar rana za ta duba na kowa ta zaɓa. Tana son ta ga kantin a allo kamar tana tafiya a cikinsa, da hasken fitila da launin katako. Na ce mata babu damuwa. Bayan ta fita na kalli kwamfutata, ta kalle ni, kowa ya san ƙarya na yi.

Washegari na ɗauke ta na kai wa Injiniya, mai gyaran kwamfuta. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene da ake sayar da kayan lantarki, wuri ne da mutum biyu ba sa juyawa a ciki lokaci ɗaya. A benen nan duk mai sukundireba Injiniya ne, amma wannan ya san aikinsa, bakinsa ne kawai ba shi da birki. Ya buɗe ta, ya hura ƙurar da ke ciki har ya yi atishawa uku, ya ce ko a kasuwar gawayi nake aiki. Sannan ya lissafa mini abu huɗu. Katin hoto, wanda shi ke ɗaukar nauyin zane mai juyawa. Ƙarin ram, don ta daina manta abin da take yi. Sabuwar fawa, wato ɗan akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta. Sai kuma sabon gida na ƙarfe mai faɗi, don nata ya yi kaɗan.

Abin da ke hannuna ya kai kati da ram, ya tsaya. Katin ma na hannu ne, wani mai wasan kwamfuta ya gaji da shi. Na tambayi Injiniya ko tsohuwar fawar za ta iya. Ya karkatar da kai ya ce za ta iya, kamar yadda tsohuwa za ta iya ɗaukar buhu in an aza mata, amma kada in bari ta ji zafi. Da ya zo saka katin sai ya ƙi shiga, ya fi gidan tsawo da kamar yatsa biyu. Ya juya shi ta nan, ya juya ta can, ya haƙura. Ya fitar da komai daga tsohon gidan, ya haɗa su a fili a kan kwali, ya kunna. Na buɗe wani tsohon zane na juya shi, ya juya kamar an shafa masa mai. Na kusa kuka a gaban mutane. Ya ce in tafi in yi aiki da ita haka tsirara a kan tebur, iska ma ta fi samunta, in na samu hali in dawo in sayi gida.

Haka na jera kayan a lunguna, wayoyi ta ko'ina. Baba ya ɗaga labule ya tsaya a kaina ya daɗe. Ya ce wannan ai kamar an fafe cikin kaza an bar ta a tebur. Na yi masa bayanin gidan da ya yi kaɗan da wanda ban iya saya ba. Ya zaro tef daga aljihu, ya auna tsawon katin, ya auna faɗin allon da komai ke kai, ya rubuta a tafin hannunsa ya fita. Hankalina yana kan durowa ɗari da ashirin, ban ko tambaye shi ba.

Kwana uku ina jin zarto da guduma a bayan labule, irin ƙarar da na daɗe ban ji a shagon ba. Har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Ranar Asabar da hantsi ya shigo rungume da abu a lulluɓe da tsohon zane, ya ajiye a gabana ya yaye.

Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa ganin akwati mai kyau irinsa ba. Katakon maɗacin nan ne da ya ɓoye a saman rufi shekara goma sha biyu, wanda ko Mama ta roƙe shi ya yi mata teburi da shi ya hana. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, kusurwa ta shiga kusurwa kamar yatsun hannu. Ya goge shi har kana ganin fuskarka. A ciki ya yi wa kowane abu mazauninsa, katin ya samu wuri har da rara. A baya ya huda ƙofofin wayoyi, kowace daidai kaurin wayarta, ba ƙari. Murfin gefe kuwa sukuru shida ke riƙe shi, kuma ya bi bakinsa da siririyar roba da ya yanka daga tsohon tayan keke.

Baba yana da wata al'ada ta aiki. In ya gama akwati ko durowa, sai ya kunna tocila ya saka a ciki ya rufe, ya kai shi inda ba haske, ya bi kowace kusurwa da ido. In ya ga ɗigon haske ya fito, aikin bai yi ba, sai ya warware. Ya ja ni bayan ƙofa ya nuna mini. Ko alama babu.

"Uwata," in ji shi, don haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Ƙurar shagon nan ta gama cin injinki. Daga yau sai dai ta tsaya a waje."

Na san abin da kati irin wannan yake yi in yana aiki, hannu ba ya iya daɗewa a kusa da shi. Na tattaro ƙarfin hali na ce, "Baba, amma fa tana son iska."

Ya yi murmushi irin na wanda ya riga ka tunani. Ya ce ya lura, ai ya ƙirga, fanka uku ce a jikinta, biyu a katin, ɗaya a tsakiya, ban da wadda ke cikin fawa. Abin da ya zo da iskarsa me zai yi da ta waje, wadda ba komai a cikinta sai dusar katako?

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Magana ɗaya ce, ba ta kai numfashi biyu ba: fanka ba ta ƙirƙirar iska, turawa kawai take yi, sai an huda mata mashiga da mafita. Amma na kalli hannunsa, na ga inda kurfin sassaƙa ya yanke shi a babban yatsa ya ɗaure da tsumma. Na tuna bara da na gyara masa awo a gaban wani mai ba da aiki, ya yi kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Na tuna fuskarsa ranar Lahadin nan da Yaya yake magana. Wannan ne abu na farko cikin shekara biyu da ya yi wanda ba wanda ya ce masa ya tsufa. Sai na ji bakina yana cewa ya yi kyau, Allah ya saka da alheri, ko a kanti ba a samun irinsa. Shi da kansa ya taya ni jera kayan a ciki, ya ɗaure sukurun nan shida.

Na yi wa kaina dabara, irin dabarar da matsoraci ke yi yana ganin wayo ne. Kullum in na zo sai in kwance murfin in jingine shi a ƙafar tebur, in juyar da buɗaɗɗen gefen wajen bango. In Baba ya leƙo ya tambaya, in ce akwai wayar da nake gyarawa. In zan tashi in mayar. Na ce a raina in aikin nan ya samu, hankali ya kwanta, sai in lallaɓa in gaya masa, ko ma in sa Mama ta gaya masa. Har ina yaba wa kaina cewa na san yadda ake zama da manya.

Aiki kuwa ya tafi yadda ban taɓa gani ba. Na tayar da bango uku, na jera kanta, na saka durowa ɗari da ashirin kowace da ɗan hannunta na tagulla. Baba yakan tsaya a bayana ya ce waccan ta yi zurfi, kwalbar magani ba ta kai haka ba, in rage. Ya ce ƙasan teburin a ɗaga shi kaɗan saboda masu goge ƙasa da ruwa, in ɗaga. Duk abin da ya faɗa daidai ne. Rabon da mu yi aiki kafaɗa da kafaɗa haka har na manta. Saboda zumuɗi ban ko tsaya na kwafe aikin a wani wuri ba, abin da ke cikin filashina na ranar Asabar ne, bango ɗaya ba launi.

Ranar Laraba da safe komai ya kammala, saura fitar da hoton tafiya a cikin kantin. Wannan shi ne aiki mafi nauyi, kwamfutar za ta yi awa biyar ko shida tana nishi ba tsayawa. Na kunna mata da ƙarfe tara, murfi a jingine. Ban daɗe ba mai kantin magani ta kira, ta ce magina sun matsar da wata ƙofa, in zo in sake auna bangon kada gobe a yi abin kunya. Baba ranar yana da ganin likitan ido, ya ce ba zai shigo ba sai yamma. Na ja ƙofar shago na kulle na tafi da kwanciyar hankali.

Ashe layin asibiti bai yi tsawo ba. Abin da ya faru bayan nan daga bakinsa na ji. Ya dawo shago wajen sha ɗaya, ransa fari, ya ce bari ya fara goge falankan da za a yi durowa da su, tunda shi a zuciyarsa aikin ya riga ya zama namu. Ya kunna injin guga, ƙura ta tashi ta cika shagon. Can ya tuna da ni, ya ɗaga labule, ya ga murfi a ƙasa, ƙura tana shiga cikin injin 'yarsa ana tsakiyar aiki. Ya ce har faɗa ya yi mini a ransa, yarinya da mantuwa. Ya ɗauki murfin ya mayar, ya ɗaure sukuru shida tam. Don ƙarin tsaro ya kawo tsohon bargon da muke rufe kayan da aka yi wa fenti ya lulluɓe akwatin.

Ƙarfe biyu da rabi na dawo. Tun daga bakin ƙofa na ji warin, wari ne kamar an bar roba a kan murhu. Baba yana can gaba da injin guga da tsumma a hanci, bai ji komai ba. Na yaye labule na ga allo baƙi ƙirin. Na fizge bargon, na taɓa katakon na janye hannu. Na danna maɓallin kunnawa sau ɗaya, sau biyu, sau goma. Na zauna a ƙasa cikin dusa.

Baba ya kashe inji ya zo yana share gumi, yana shirin yi mini tsiyar mantuwa. Da ya ga fuskata ya fasa. Na ce masa ta mutu, sai an kai wa mai gyara. Bai yarda na ɗauka ba. Shi ya rungumi akwatin, shi ya riƙe shi a cinya a cikin tasi, yana kare kusurwoyinsa da hannu in an shiga rami. A hanya yana ta ba ni haƙuri, yana cewa kayan hannu ba su da tabbas, wataƙila mai katin ne ya cuce mu. Na juya fuskata wajen taga har muka isa.

Injiniya yana cin gyaɗa muka same shi. Ya kalli akwatin, ya kalle ni, ya karɓa ya juya shi gaba da baya yana neman wani abu. Ya kwance sukurun, ya ɗaga murfin, warin ya buge shi ya ja da baya. Fawar ta yi baƙi, gefenta ya narke. Ya bi wayoyin da yatsa zuwa katin, zuwa babban allon, zuwa faifan da aikina yake ciki. Ya ciro faifan ya jona a wata kwamfutar, muka jira, ko motsi bai yi ba. Ya ce zafi ya dafa tsohuwar fawar, da za ta mutu kuma ba ta tafi ita kaɗai ba, ta watsa wa kowa wuta. Na yi ta ƙifta masa ido, amma na faɗa muku bakinsa ba shi da birki.

"Wai wane mai hankalin ne ya saka ta a akwatin gawa? Ko ƙofar da sauro zai bi babu. Fanka ai ba iska take haifarwa ba, turawa take yi. In ba mafita, zafin kawai take juyawa kamar ana dama koko. Malama, ke fa kin san wannan, ni da ke muka yi maganar zafi a nan."



"Ni na haɗa shi," in ji Baba.

Injiniya ya haɗiye gyaɗar da ke bakinsa da ƙyar. Ya shiga kame-kame, yana cewa aikin katako kam ya yi, ai shi bai taɓa ganin haɗi irin wannan ba, Baba ya yi haƙuri bai sani ba. Baba bai ko kalle shi ba. Ya sunkuya ya tsince sukurun nan shida ɗaya bayan ɗaya daga kan tebur ya zuba a aljihu. Ya tambaya a hankali ko akwai abin da zai tashi a ciki. Injiniya ya ce ram ɗin wataƙila. Ko akwai kwamfutar da zai ba mu aro zuwa gobe? Ya ce mai ƙarfin wannan aikin babu, kuma ko da akwai, aikin mako guda ba ya dawowa a yini ɗaya. Muka fito, Baba rungume da akwatinsa fanko.

Ranar Alhamis da sassafe na zaga wuraren da ake ba da hayar kwamfuta har uku. Biyu ba su da manhajar, na ukun tasu ta buɗe fayil ɗin Asabar da ƙyar. Na fitar da hoton bango ɗaya, toka-toka, ba launi ba durowa, na saka a waya. Da tsakar rana na tsaya a gaban mai kantin magani da wannan. Mutanen kamfanin can sun riga ni, su biyu da riguna iri ɗaya, sun kafa babban allo, kantinta yana ta juyawa a ciki da fitilu. Na kalli durowarsu na ga sun yi zurfi, kwalba za ta ɓace a ciki, ƙasan teburinsu kuma yana manne da ƙasa, wata shida ruwa zai cinye shi. Ba wanda ya tambaye ni, kuma ba ni da abin da zan nuna in ce ga namu. Na yi mata bayanin abin da ya faru. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ta tausaya, ta ji labarin hannun Baba tun tana yarinya, amma ita ba za ta iya zuba dukiyarta a kan abin da ba ta gani ba. Ta ce Allah ya sa da rabo a gaba, ta raka ni har ƙofa.

Ban hau mota ba, da ƙafa na koma shago don in ja lokaci. Ina tafe ina shirya maganar da zan yi. Zan ce laifin fawa ne, tsohuwa ce, Injiniya ma ya gargaɗe ni na ƙi ji, ko a fili take da ta mutu. Rabin wannan gaskiya ne, kuma ina ganin zai ishe mu mu rayu da shi.

Na tarar ya share shagon tas, abin da ba ya yi sai ƙarshen mako. Ya cire labulen ledar ya naɗe. A kan babban bencin aiki ya shimfiɗa buhu, ya jera kayan aikinsa daga babba zuwa ƙarami, zarto huɗu, guduma, kurfi kala-kala, yana ɗaukar kowanne yana shafa masa mai yana naɗewa a tsumma. Akwatin yana gefe a ƙasa, murfinsa a kai. Bai tambaye ni yadda aka yi ba, fuskata ta riga ta gaya masa. Ya nuna mini kujera da haɓa, na zauna.

"Uwata, ranar da na kawo miki akwatin nan, kin san zai kashe ta?"

Duk maganar da na shirya a hanya ta watse. Na ce, "Na sani, Baba."

"Shi ya sa kullum murfin yake ƙasa. Ba waya kike gyarawa ba."

"E."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da shafa mai a jikin kurfin da ke hannunsa har ya gama, ya naɗe shi. Na fara cewa na ji nauyinsa ne, na ga wahalar da ya sha, ban so in ɓata masa rai ba. Ya ɗaga hannu ya dakatar da ni. Babu faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Shekara arba'in, duk wanda ya yi aiki da ni in na karkace gaya mini yake yi. In ji haushi, in zage shi, in kwana biyu ina fushi, in gyara. Bara ma kin gaya mini, na gyara. Ƙaramin yaro ake ce wa ya yi kyau a shafa kansa. Ban san na kai nan ba sai jiya."

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Na rasa aikin, na rasa injin, amma waɗannan duk ƙanana ne. Yaya da bakinsa ya ce Baba ya tsufa, Baba bai yarda ba, ya ci gaba da zuwa shago. Ni da nake ganin ina tare masa, ni na sa ya yarda.

Na ce saura kwana tara wata ya ƙare, za mu iya neman wani aikin, zan roƙi Yaya ya ƙara mana wata ɗaya, zan nemi aron kwamfuta. Ina magana ina kuka. Ya bari na gama. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin shagon, ya kwance shi daga zaren da yake ɗaure da na gida, ya ajiye a kan benci kusa da ni.

"Kira yayanki ya zo ya karɓa. Ba sai ƙarshen wata ba."

Ya juya ya ɗauki zarto na gaba. Na daɗe ina kallon bayansa ko zai waiwayo, bai waiwayo ba. Na fito da waya na kira Yaya.